Rubutun bisa kwali: “care” dabam, “caution” dabam

Kayan da ke shigowa Maraɗi daga Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa, galibi rubutun da ke jikinsu na Ingilishi ne, alhali mu Faransanci aka koya muna a lakwal. Kalmomi biyu sun fi yawa bisa kwali: “care” da “caution”. Daga gare su ne aka samu “careful” da “cautious”. Jama'a da dama na fassara su duka da “a yi hankali”, amma ba ɗaya ba ne, kuma rashin sanin bambancin na jawo hasara.

“Careful” shi ne mai kula da aikin da ke hannunsa don kada ya yi kuskure. Ƴar kasuwar da ke ƙidaya canji sau biyu, ta duba atamfa turmi-turmi kafin ta biya, ita ake nufi. Shi ya sa ake rubuta “handle with care” bisa kwalin tangaran ko na kwalabe: ɗauka za a yi, amma sannu, don kayan ne ake jiye wa.

“Cautious” kuwa shi ne mai taka-tsantsan, wanda ya hangi haɗari ya ja da baya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bayan faɗuwar naira a 2023, ɗan kasuwar da ya daina barin kuɗin Najeriya su kwana hannunsa, ko ya rage ba da kaya bashi, shi ake kira haka. In kun ga “caution” bisa kwalbar maganin ƙwarin wake, ku ne ake jiye wa: a nisanta shi da abinci da yara, a wanke hannu bayan an taɓa.

Akwai kuma wani tarko ga mu ƴan Nijar. A Faransanci, “caution” na nufin kuɗin da ake ajewa kafin a kama hayar shago. A Ingilishin bisa kwali ba maganar kuɗi ba ce, gargaɗi ne.

Don haka, ƴan uwa ƴan kasuwa, ku faɗa wa yaran shago da masu dako: “care” ceton kaya ne, “caution” ceton lafiya. Kwalin da ya fashe ana mayar da shi, rai ko ba a saye kasuwa.