Gayyata Ba Kuɗi Ba Ce: Yadda Masu Fasaharmu Ke Fafutukar Biyan Kuɗin Zaman Ƙirƙira a Waje

A unguwar Park Hill da ke tsibirin Staten Island a birnin New York, inda 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa har ake mata laƙabi da Ƙaramar Laberiya, mun saba da kiran waya daga gida kan kuɗin makaranta ko na asibiti. Yanzu akwai wani sabon roƙo da ke shigowa ta WhatsApp: ƙane ko ɗiya mai zane, ko mai ɗaukar hoto, ko marubuci daga Kano ko Maraɗi, ya turo takarda mai tambari, an gayyace shi zaman ƙirƙira a Amurka ko Turai. Murna ta kama dangi. Sai a shafi na biyu ake gane cewa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Zaman ƙirƙira shi ne wata cibiya ta bai wa mai fasaha ɗakin aiki na makonni ko watanni, ya bar hidimar gida ya fuskanci aikinsa. Amma cibiyoyin ba iri ɗaya ba ne. MacDowell da ke jihar New Hampshire, wadda aka kafa a 1907, ba ta karɓar kuɗin zama, tana ciyarwa, har tana taimaka wa marasa hali da kuɗin tafiya. Yaddo da ke Saratoga Springs ma ba ta cajin zama. ISCP kuwa, da ke Brooklyn, wadda aka kafa a 1994, tsarinta shi ne yawancin masu zuwa su zo da mai ɗaukar nauyinsu, gwamnati ko gidauniya. Bajamushe ko ɗan Norway yana da hukumar al'adu a bayansa. Namu yaron fa? Yayarsa ce da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi.

Lissafin kuma ba wasa ba ne. Kuɗin neman bizar ziyara kaɗai dala 185 ne, kuma ba a mayarwa idan aka hana mutum. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 zuwa sama da 1,500 a 2024. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, wata uku kacal, kuma dokokin suna ta ƙara tsauri. Don haka kada a tura wa kowa ko sisi kafin a tabbatar ƙofar a buɗe take a wannan lokacin.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa, ni kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ya fi tsaya mini a rai: inshorar lafiya. Dare ɗaya a sashen gaggawa a nan yana iya cinye dubban daloli. Bizar musayar baƙi ta J-1 ma sai da inshorar da za ta biya aƙalla dala 100,000 kan kowane ciwo ko haɗari. Wanda ya baro zafin Sakkwato ya faɗa sanyin Janairu babu inshora, wallahi ya ɗora wa masu masaukinsa kaya. Kuma a sani, mai bizar ziyara ba a yarda ya yi aikin albashi ba, saboda haka maganar “idan na iso zan ɗan taɓa aiki in biya” ba ta taso ba.

To ina kuɗin yake? Gidauniyar Prince Claus ta ƙasar Holan tana bai wa matasan masu fasaha 100 kyautar Yuro 5,000 kowannensu a shekara, kuma 'yan Najeriya da Nijar suna iya nema. Shafukan Res Artis da TransArtists suna jera cibiyoyi tare da bayanin wa ke biyan me, On the Move kuma tana tattara hanyoyin tallafin tafiya. Matsalar ita ce lokaci: tallafi yana da ranar rufewa, amsa kuma takan ɗauki watanni. Mutanenmu sai gayyata ta iso suke fara neman kuɗi, alhali tare ya kamata a nemi biyun.

A ganina ma ba dole sai an tsallaka teku ba. Black Rock Senegal da Kehinde Wiley ya buɗe a Dakar a 2019, da G.A.S. ta Yinka Shonibare a Legas, wurare ne da duniyar fasaha ke girmamawa. Art Moves Africa kuma tana biyan kuɗin tafiya tsakanin ƙasashen Afirka. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Senegal.

Idan kuma New York ɗin ce dai, taimakon da ya fi ƙarfi a hannunmu shi ne masauki, don haya ce ke karya kowa a garin nan. Ɗaki guda a Park Hill, bas zuwa St. George, sannan jirgin ruwan da ke tsallakawa Manhattan kyauta cikin kamar minti 25, ya rage babban kaso na lissafin. Sauran a yi karo-karo ko adashi, amma a kan abu takamaimai, tikiti ko inshora, kuma a biya kai tsaye. Kafin nan, wani daga cikinmu ya ɗaga waya ya kira cibiyar da kansa, ta lambar da ke shafinta, ya tambaya ko sunan yaron yana cikin waɗanda ta ɗauka.