Daga Tiga zuwa Tafkin Chadi: ruwan da ba ya zuwa teku

Ruwan saman da ke sauka a gonakin Tarai, a ƙasar Kibiya, ba teku yake nufa ba. Kogunan Sakkwato da Kaduna cikin Neja suke faɗawa su gangara kudu, na Kano kuwa arewa maso gabas suke dosa, kwarin Tafkin Chadi.

Kogin Kano daga gindin tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa dajin Falgore. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare shi a Tiga, kudu maso yammacin Rano, aka kammala aikin a 1974. Dam ɗin yana riƙe kusan kubik mita biliyan 2. Babbar hanyar ruwa ta fito daga nan, ta bi ta Ruwan Kanya, ta rarrabu a filayen Kadawa da Kura da Bunkure. Wanda ya bi titin Zariya cikin hunturu ya ga amfanin abin da idonsa: kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan, alkama kore shar, daji kuwa ya bushe ƙayau.

Ragowar ruwan yakan haɗu da Kogin Challawa, wanda shi ma aka datse a Ƙaraye a 1992, su wuce Wudil su zama Kogin Haɗeja. A fadamun Haɗeja da Nguru ne ake ɗanɗana kuɗar. Da can ambaliya takan zo da damina ta malale ƙasa, ta janye da rani. Masunta su yi su, manoma su bi laima, Fulani su shigo da shanu. Yanzu ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ba ya yankewa, sai kacala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsaye jan baki masu cinye hatsi.

Akan ɗora wa Tiga alhakin janyewar Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000. A ganina an yi mata nauyin kaya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logone yake zuwa, fari na shekarun 1970 da 1980 ne kuma ya karya shi. Namu ruwan, kaɗan ne ke tsira daga yashi da rana ya isa Gashuwa. Kogin Jama'are ne ke riƙe da Komadugu Yobe, kogin da ke bi ta Gashuwa zuwa tafkin, shi ya sa mutanen Yobe da Borno ke tayar da jijiyar wuya duk lokacin da aka taso da maganar ƙarasa dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, a Bauchi.