Tsohuwar Rijiyar Bayan Gida: Yadda Ake Cike Ta

 Yau maganarmu a kan rijiyar da aka daina ɗiba ce.

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta yi kira a kama noman rani. A ƙasar Matameye da Kance mutane suka haƙa rijiyoyi da yawa, a gidaje da garake da bakin korama. Yanzu wasu sun ƙafe, wasu sun zube, wasu kuwa famfo ya zo an bar su. An aza musu kara ko tsohon kwano, an manta.

Ina illarta?

Ta farko, kowa ya san ta. Yaro mai rarrafe ko akuya na iya faɗawa. Ƙasarmu rairayi ce, da damina bakin rijiya yakan rufta da wanda ya taka.

Ta biyu ba a ganinta da ido. Ruwan da ke ƙarƙashin gidanka shi ne ke ƙarƙashin gidan maƙwabcinka. Ruwan sama yakan tace cikin ƙasa kafin ya kai can. Amma buɗaɗɗiyar rijiya ƙofa ce, ƙazanta na wucewa kai tsaye. In ka mai da ita juji ko salga, abin da ka zuba yana iya kaiwa rijiyar da unguwa ke sha. Daga nan sai zawo da amai. Don haka kada ka jefa mata shara, ko mushe, ko taki, ko tsohon batir, ko gwangwanin maganin ƙwari.

Kafin aiki

Ka shawarci mutanen gida da maƙwabta da mai unguwa. In rijiyar siminti ce mai zurfi, ka nemi shawarar ma'aikatan ruwa. In kuwa tana da ruwa mai kyau, kuna sa ran komawa gare ta, kada a cike. A yi mata marfin siminti mai nauyi wanda yaro ba ya iya ɗagawa.

Lokacin aiki shi ne bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya. Kada kowa ya shiga ciki. Rijiyar da ta daɗe a rufe takan tara mugunyar iska mai kashe mutum nan take.

Ga yadda ake yi:

1. A cire itatuwan baki. A sa ƙugiya a fid da guga da igiya da tarkacen da ke ciki.

2. In akwai sauran ruwa, a zuba ruwan jabel, a bar shi ya kwana.

3. A zuba tsakuwa da yashi mai tsabta har su rufe ruwan.

4. Daga nan sai yumɓu. A zuba kamar kamu 1, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da dogon itace daga sama, sannan a ƙara. Yumɓu shi ne makullin aikin, don ba ya barin ruwa ya ratsa. Rairayi kaɗai bai isa ba.

5. In ya rage kamu 2 a kai baki, a fasa ginin bakin rijiyar. A shimfiɗa yumɓu ko siminti wanda ya fi bakin faɗi.

6. A rufe da ƙasa, a yi tudu, don ruwan sama ya gangara gefe.

Bayan aiki

Ƙasar za ta zauna. Bayan ruwan farko ka duba, in wurin ya lotsa ka ƙara ƙasa. Ka kafa dutse don shaida, ka gaya wa ƴaƴanka. Kada a gina ɗaki ko rumbu a kai.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma in an yi gayya da amalanke zai zo da sauƙi. Kai da ka iya karatu, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.