Masu Harhaɗa Tarkace a Jos: Daga Sikelin 'Yan Gwangwan Zuwa Bangon Falo

A wurin 'yan gwangwan sikeli ne alƙali. Sarƙar babur da ta tsinke, murfin tukunya, ruɓaɓɓiyar salansa, fatanyar da ta ci ƙasa har ta ƙare, duk a kan sikeli ake ɗora su a biya kuɗin nauyinsu. Amma akwai wani mai saye da ba nauyi yake nema ba. Shi sai ya tsuguna gaban tsibin ƙarfe, ya ɗauki wannan ya juya, ya ajiye, ya ɗauki wancan ya ɗaga shi sama ya ƙura masa ido. Siffa yake nema. Wannan shi ne mai harhaɗa tarkace, wanda yake tattara abubuwan da aka gama amfani da su, ya haɗa su su zama abin kallo da za a rataya a bango ko a girke a farfajiyar gida.

Ba mamaki a sami irin wannan sana'a a Jos, domin gari ne da ma'adini ya kafa. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dirar wa kuzar tsaunin Jos, leburori da 'yan kasuwa da maƙera suka biyo su daga Kano, Bauchi, Zariya da Borno. An shimfiɗo ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya domin kwasar kuza, ta yi aiki har 1957, sannan babban layin dogo ya iso garin a 1927. Da kasuwar kuza ta faɗi, sai aka bar wa Jos da Bukuru tafkuna da tsofaffin injuna da jama'ar da ta san hannun ƙarfe. A ramin kuza ne kuma aka fara tono sassaƙen yumɓu na Nok a 1928, kuma irin waɗannan kayan tarihi ne suka sa Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Yaron da ya tashi a garin nan, ko da rana ɗaya makaranta ta kai shi gidan tarihi, ya ga abin da hannu yake iya yi.

Juya tsohon abu ya koma sabo kuwa daɗaɗɗen aiki ne a ƙasar Hausa. Da gwangwanin madara ake yin fitilar aci-balbal, da tsohuwar ganga ake yin murhun gawayi da akwatin ƙarfe, da tayar mota ake yanka takalmi, da tsohon tib ake ɗinka guga, ana narka alminiyam a zuba tukwane da ludaya. Yara ma suna ƙera motar langa-langa mai tayoyin silifa. Bambancin kawai shi ne, waɗancan don amfani ake yin su, shi kuwa mai harhaɗawa don ido da tunani yake yi. A Turai an daɗe ana wannan aiki. A 1942 Pablo Picasso, ɗan ƙasar Sifaniya, ya haɗa sirdin keke da kan keke suka ba da siffar kan bijimi. A nan gida, El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Najeriya ta Nsukka tun 1975, ya yi suna a duniya da manyan shimfiɗu na murafan kwalabe da aka ɗinke da wayar jan ƙarfe, har aka rataya aikinsa a babban zauren Tate Modern na Landan a 2023. Akwai Olu Amoda a Legas da yake aiki da ƙusoshi da tsofaffin ƙarafa, da Dotun Popoola da ya shahara da dabbobin ƙarfe masu launi, da Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin da yake juya jarkokin fetur su zama fuskoki. Na Jos ba su kai waɗannan suna ba, amma hanyar ɗaya ce.

Aikin yana farawa ne daga hannun ɗan jari-bola, wanda yake zaga unguwanni da buhu ko kura, da maganaɗisu a ɗaure a sanda. Shi yake kai wa dila, dila ya ware kaya daki-daki. Jan ƙarfe ya fi kowanne tsada, sai tagulla, sai alminiyam, baƙin ƙarfe kuma shi ne na ƙasa. Idan kaya suka taru sai a loda wa tirela a kai kamfanonin narka ƙarfe. Saboda haka mai harhaɗawa tsere yake yi da tirela: abin da bai ɗauka yau ba, gobe yana hanyar tanderu. Yakan bi ta Dilimi wurin masu kayan gyaran mota, ya leƙa garejin makanikai na Farin Gada, ya shiga Katako neman guntayen katako da tsofaffin ƙyamare, wani lokaci ya gangara Bukuru. Idan aikin babba ne, har Panteka ta Kaduna yakan je.

Cinikin yana da nasa salo. Dila ya san wannan mutum ba narkawa zai yi ba, don haka da ya ga ya riƙe wani abu ya ƙi ajiyewa, sai farashi ya tashi daga na kilo ya koma na ɗai-ɗai.

"Alhaji, a ɗora mini waɗannan a sikeli."

"A'a Malam, wannan giyar ai ba ta sikeli ba ce. Kai da ka zaɓa, ka san abin da ka gani."

"To, a yi mini ragi, gobe ma rana ce."

"Albarka. Ƙara wani abu dai."

Wanda ya iya zama da mutane, dila da kansa zai riƙa ɓoye masa abin da ya san zai so, ya kira shi a waya kafin a yi lodi. Akwai kuma abin da mai hankali ba ya saye ko da kyauta ne: wayar wutar lantarki, ƙarfen dogo, murfin kwalbati, da duk abin da ya yi kama da kayan gwamnati. Ɓarayin irin waɗannan kaya sun jawo wa masu neman halali baƙin jini, har hukumomin Abuja suka rufe kasuwannin gwangwan na ɗan lokaci a farkon 2025. Mutum ɗaya ya sayi kayan sata, sai a shafa wa kowa kashin kaji.

Idan kaya suka iso rumfa, wanki ne farko. A jiƙa masu baƙin mai da kananzir ko dizal, a goge tsatsa da buroshin waya, a shanya. Daga nan a rarraba su cikin bokitai da gwangwanaye: noti da ƙusa a nan, boris da filogi a can, cokula da makullai a wani wuri, sarƙoƙi a rataye jikin bango. Baƙo zai ga hargitsi, amma maigidan ya san inda kowane abu yake. Wani guntun ƙarfe yakan yi shekara a ajiye kafin ranarsa ta zo.

Hanyar fara aiki iri biyu ce. Wani lokaci mai aikin yana da abin da yake so ya yi, sai ya zana shi a takarda ko da alli a daɓe, ya shiga neman abin da zai cike zanen. Wani lokaci kuma ƙarfen ne yake ba da shawara: tankin babur ya nuna ƙirjin doki, haƙoran giya su nuna tukkun zakara, cokula hamsin su zama gashin fiffike. Ko ta wace hanya aka bi, sai an fara ɗaura ƙashin aikin da rodi, a tabbatar ya tsaya da ƙafarsa ba ya rinjaya. Sannan a riƙa ɗora guntaye ana ɗiga walda kaɗan-kaɗan, yadda za a iya ɓalle su idan ba su zauna ba. Mai aikin yakan ja da baya taku goma ya duba, ya dawo ya cire, ya sake. A nan ranaku suke tafiya. Sai ido ya gamsu ake bin kowace gaɓa da cikakkiyar walda, a bi da injin gurza a kashe kaifi. Abin da ba ya karɓar walda, kamar katako, fata ko ƙwarya, sai a huda a ɗaure da waya ko a kama da noti. Ƙarshe shi ne fenti ko man da yake hana tsatsa. Wannan mataki ba a wasa da shi a Jos, inda damina take kai wata shida, ga raɓa da hazo. Aikin da aka girke a waje ba tare da kariya ba, damina biyu ta ishe shi.

Abin da ba a cika sani ba shi ne yawan karatun da ke cikin sana'ar. Walda ana koyonta a shekara biyu ko uku, amma sanin abin da ya cancanci a ƙera sai da tunani, tunani kuma sai an ciyar da shi. A rumfar irin waɗannan mutane ba a rasa littafin zane da ya sha baƙin mai, da tsofaffin littattafai da aka tsinto wurin masu baza su a gefen titi a kewayen kasuwar Taminus. Mai son ƙera doki sai ya san yadda ƙashin doki yake, ya san sunayen kayan hawa, daga linzami zuwa likkafa. Mai son ba da labari da ƙarfe yakan koma wa tatsuniya, ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ko labarin leburorin kuza da kakanninsa suka ba shi. Wasu daga sashen zane na Jami'ar Jos ko na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka fito, wasu kuma daga shagon walda, kuma kowanne yana buƙatar abin da ke hannun ɗan'uwansa. Littafin da ya yage har ba ya karantuwa shi ma yakan shiga aiki, a manna shafukansa a allo tare da tsofaffin makullai da tikitin mota. Sai dai duk takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko ta Littafi Mai Tsarki, ba mai taɓa ta.

Jos gari ne na addinai biyu, kuma hakan yana bayyana a abin da ake ƙerawa da abin da ake saye. Musulmi da yawa, masu yi da masu saye, suna kauce wa siffar mai rai, sai su karkata ga dagin Arewa, rubutun Larabci da aka lanƙwasa da rodi, taswira, bishiya, fitilu, agogon bango da teburan da ƙafafunsu tsohon keken ɗinki ne. Wasu kuma suna ƙera makaɗa, mata masu tallar acca da dankali, ko mahaƙin kuza riƙe da kwanonsa. Wanda ya san gari yakan ajiye kowane iri.

Idan aka zo lissafi, tarkacen kansa shi ne mafi arha. Abin da yake cin kuɗi shi ne sandunan walda, fayafayan yanka da na gurza, fenti, hayar rumfa, kuɗin Keke Napep da abincin yara. A kan duka akwai wuta. Injin walda ba ya aiki da alkawari, kuma idan aka ɗauke wuta sai janareto. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wannan ya sa da yawa suke yanka da jera kaya da rana, su jira wuta ko da tsakar dare ne su yi walda.

Jiki ma yana biyan nasa kaso. Wanda ya yi walda da baƙin tabarau na kasuwa maimakon garkuwar fuska, da dare zai ji idonsa kamar an zuba masa yashi. Hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, tsatsa tana yanka hannu, tsohon batir yana da dalma mai guba. Tankin da ya taɓa ɗaukar mai kuwa, idan aka sa masa wuta ba a wanke shi an cika shi da ruwa ba, fashewa yake yi. Maigida nagari wannan yake fara koya wa yaronsa kafin ya ba shi riƙon sandar walda.

Sayarwa ita ce gagarabadau. Ƙananan kaya, irin su babur na ado da aka yi da filogi da boris, ko abin ajiye alƙalami, suna tafiya a wurin masu sayar da kayan hannu na kusa da gidan tarihi da kuma lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Manya kuwa sai otal, gidan abinci, ofis, coci, ko masu gidaje a Rayfield. Rikice-rikicen da garin ya sha tun daga 2001, da gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002, sun rage baƙin da a da suke zuwa shan iskar Jos su tafi da tsaraba. Yau cinikin ya koma Abuja da Legas da kuma cikin waya, inda hoto ɗaya a Instagram ko WhatsApp yakan kawo ciniki daga nesa. Gidajen baje kolin zane suna kawo masu kuɗi, amma sukan ɗauki kaso mai tsoka, wani lokaci har rabi. Ga kuɗin mota, ga fargabar kaya su lanƙwashe a hanyar Akwanga. Idan mai saye zai fita da aikin ƙasar waje, ana neman takardar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai shaida cewa ba kayan tarihi ba ne.

Shi ya sa samun ba ya zuwa a jere. Aiki ɗaya yana iya biyan hayar shekara, sannan a yi wata uku ba a sayar da ko tsinke ba. Kusan kowa a cikinsu yana haɗawa da ƙera ƙofofi, tagogi da gadaje, ko koyarwa a makaranta, domin tukunyar gida ba ta jiran mai son zane. Gogaggu ba sa fara aikin oda sai an ba da kafin alƙalami da zai sayi kayan aiki. Abin da ya fi yi musu ciwo shi ne mai saye ya ce, "Haba Oga, ai bola ce ka tsinto." Gaskiya ne bola ce, kuma da a sikeli za a mayar da ita, kuɗinta ba zai taka kara ya karya ba. Abin da ake saye shi ne makonnin da aka yi ana zaɓe da gwaji, da shekarun da aka yi ana horar da ido.

Sana'a ce ta halali da take ciyar da ɗan jari-bola, dila, mai Keke Napep, mai fenti da yaran shago, tana kuma rage tarkacen da zai toshe magudanan ruwa. Masu otal da ofisoshi da makarantun Filato da suke sayo hotunan roba daga waje su rataya a bango, ya kamata su fara leƙa rumfunan da ke bayan gidajensu. Kai kuma mai karatu, idan ka tsaya taya irin wannan aiki, ka tambayi kwana nawa ya ci kafin ka tambayi kilo nawa ne.