Gishiri da Ƙwayar Ƙarfafa Zuciya

Mai gida, watakila a gidanka akwai wanda ƙafafunsa suka kumbura, in ya yi 'yar tafiya sai haki, in ya kwanta numfashi ya gagara. Sau da yawa zuciya ce ta gaji. Likita yana da magunguna iri iri domin wannan, a cikinsu akwai wata 'yar ƙwaya, sunanta digoksin. Daga ganyen wani tsiro na Turai ake samunta. Wani likita a Ingila, William Withering, ya rubuta amfanin irin ganyen nan tun 1785.

Ga yadda take aiki. Zuciya tsoka ce, an gina ta da 'yan ɗakuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani. A bangon kowane ɗaki akwai famfo mai fitar da sodiyum, watau sinadarin da ke cikin gishiri. Ƙwayar nan takan rage ƙarfin famfon, sai sodiyum ya ɗan taru a ciki. To, akwai kuma wata ƙofa inda ake musaya, sodiyum na waje ya shiga, kalsiyum ya fita. Da sodiyum ya yi yawa a ɗakin sai musayar ta yi sanyi, kalsiyum ya zauna. Kalsiyum kuwa shi ke sa tsoka ta matse, saboda haka bugun zuciya ya ƙara ƙarfi.

Kada ka ce ashe gishiri magani ne. A'a! Gishirin miya ruwa yake sa jiki ya riƙe, kumburi ya ƙaru, zuciya ta ƙara wahala. Kanwa ma sodiyum gare ta. Mai jego wadda ta fara kumburi ko haki, a dakatar mata da kunun kanwa, a kawo ta asibiti.

Ka san kwankwani da maharba ke dafin kibiya da shi? Famfon nan shi ma yake tarewa, har zuciyar dabba ta tsaya. Haka ƙwayar nan in ta wuce kima. Kada majiyyaci ya sha biyu don ya manta ta jiya, kada a sammaka wa maƙwabci, a kuma ɓoye ta daga yara. In ya daina son abinci, ko amai ya kama shi, ko yana ganin abubuwa rawaya rawaya, ko bugun zuciyarsa ya rikice, kada ya ƙara sha sai likita ya duba shi, a kawo shi ran nan. Haka kuma in zawo ya kama shi, domin zawo kan sa ƙwayar ta fi ƙarfin jiki.