Kuɗin Fiton Mamaci a Wurin Girkawa da Rumawan Da

Kowace al'umma da irin tata jana'izar. Yau za mu ba masu karatu labarin yadda Girkawa da Rumawan zamanin da suka ɗauki tafiyar mamaci, da dalilin da ya sa barin gawa a fili ya zama babban laifi a wurinsu.

A ganinsu, da rai ya fita sai wani daga cikin allolinsu, wai shi Harmis, ya ja shi zuwa ƙarƙashin ƙasa, inda Hedis sarkin matattu ke mulki. Kafin a shiga akwai kogi, waɗansu su ce Sitikis, waɗansu Akeron. A gaɓarsa wani tsohon mai fito ke jira, sunansa Karon, shi kuwa ba ya fiton kyauta. Saboda haka dangi sukan sa wa gawa ɗan ƙaramin kuɗi a baki, ana ce masa obol, wato ɗaya cikin 6 na darakma. In an haye sai a iske Karbaros, kare mai kai 3, wanda ke ƙyale mai shiga, ya tare mai fita. Daga nan alƙalai su yi shari'a, mugaye su tafi Tartaros wurin azaba, nagari su tafi Ilisiyam wurin hutawa.

To, amma fa duk wannan sai wanda aka yi wa jana'iza, ko ta binnewa ko ta ƙonawa. Barjil, mawaƙin Rumawa wanda ya rasu a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa wanda ba a binne ba sai ya yi shekara 100 yana gantali a bakin kogin.

Kada mai karatu ya zaci tatsuniya kurum suka ɗauki wannan magana. A shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa, jiragen ruwan birnin Atina suka ci na Siparta da yaƙi a Arginusa, amma hadari ya taso, ya hana tsamo waɗanda jiragensu suka nutse da gawawwakin waɗanda suka mutu. Mutanen gari suka fusata, suka yanke wa shugabannin yaƙi 8 hukuncin kisa, aka kashe 6 da suka komo gida. Nasarar da suka kawo ba ta cece su ba, gama a wurin mutanen nan hutun mamaci amana ce a wuyan masu rai.