Masar da Bangladesh: Ruwan Sama da Ruwan Kogi

Wanda ya dubi alƙaluman ruwan sama kaɗai zai rantse Masar da Bangladesh ba su haɗa komai ba. Abin da ke sauka a Alƙahira a shekara guda kimanin milimita 25 ne, a Aswan kuwa sai shekara ta zagayo ba a ga ɗigo ba. Bangladesh tana samun fiye da milimita 2,000, yankin Sylhet ma ya haura 4,000. Faɗin Masar ya kai murabba'in kilomita miliyan 1, akasarinsa rairayi da duwatsu. Bangladesh ba ta kai 150,000 ba, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai laka, kore shar. Amma rayuwar manomansu ta yi kama fiye da yadda alƙaluman suka nuna, domin dukansu kogi ne ke tsara musu shekara, kuma kogin daga ƙasar wasu yake tasowa.

A Masar abin a fili yake. Mutanenta sun haura miliyan 100, kuma kusan kashi 95 cikin 100 sun cunkushe a gefen Kogin Nilu da yankin da yake rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum. Ruwan da suke sha damina ce ta wasu, tunda kimanin kashi 85 cikin 100 daga tsaunukan Habasha yake gangarowa. A da, kogin kan cika ya tumbatsa a ƙarshen watannin zafi, ya janye ya bar laka mai albarka, a shuka alkama da wake. Hukuma ta ɗauki lamarin da muhimmanci har a shekarar 861 aka gina ma'aunin ruwa a tsibirin Rauda, inda hawan kogin ke nuna irin amfanin da za a samu da harajin da za a aza. Madatsar Aswan da aka kammala a 1970 ta kawo ƙarshen ambaliyar, ta ba da damar noma rani da damina, sai dai lakar ta maƙale a bayanta, manomi ya koma ga takin zamani.

Za a iya cewa wannan labarin ƙasar hamada ne, ina ruwan Bangladesh da shi alhali sama tana zuba mata? Amsar tana cikin lokacin zubar. Mafi yawan ruwan yana sauka ne tsakanin Yuni da Oktoba, daga Nuwamba kuma rani ya shigo. Manyan kogunanta uku, Ganges da Brahmaputra da Meghna, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar da suke tattaro ruwa daga gare ta tana wajen iyakarta, a Indiya da Nepal da Bhutan da Sin. Saboda haka ambaliyar 1998, wadda ta shafe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, ruwan maƙwabta ne ya taru da nata. Da rani kuma matsalar sai ta juye, koguna su ja baya, ruwan gishiri ya kutso daga teku a kudu maso yamma. Abin da ya fi ƙarfafa hujjar shi ne shinkafar boro, wadda ake nomawa da ban-ruwa a lokacin rani, ita ce yanzu ta fi kowace yawa a ƙasar.

Al'ada ma ta bi sawu. Bamisire bai ɗauki abinci ya cika ba sai da gurasa da ful, wato dafaffen wake, Babangale kuma sai da shinkafa da kifi, musamman ilish. A kudancin Bangladesh, inda gona kan nutse wata da watanni, manoma suna tara ciyawar ruwa su yi kunya mai iyo su shuka kayan lambu a kai. Manoman Masar har yau suna lura da watannin kalandar Kibɗawa, wadda asalinta lissafin cikar Nilu ne.

Sai dai a nan ya kamata a ja linzami, domin akwai abin da kogi bai isa ya bayyana ba. Ƙasashen biyu akasarin mutanensu Musulmi ne, amma Masar ta bar harshen Kibɗanci ta rungumi Larabci har ta zama cibiyarsa, Bangladesh kuwa ta riƙe Bangalanci har aka harbe ɗalibai a Dhaka ranar 21 ga Fabrairu, 1952 saboda kare shi. Wannan aikin tarihi ne da zaɓin mutane, kuma duk wanda ya jingina shi ga laka ya wuce gona da iri. Ikon kogi yana kan abinci da mazauni da kuma abin da ke hana gwamnati barci.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi haɗa su. Masar tana kafa hujja da yarjejeniyar 1959 da ta yi da Sudan, wadda ta ba ta kubik mita biliyan 55.5 a shekara, amma Habasha ba ta sa hannu a ciki ba, kuma a 2011 ta fara gina babbar madatsarta a kan Shuɗin Nilu. Bangladesh ta daɗe da sanin wannan damuwa, tun da Indiya ta buɗe madatsar Farakka a 1975 tana karkatar da ruwan Ganges zuwa Kolkata. Yarjejeniyar rabon ruwan da suka ƙulla a 1996 ta tsaya ne kan watannin rani, daga Janairu zuwa Mayu, kuma wa'adinta shekara 30 ne kacal.